Buluberi a lambun gida: a ƙasa ko a tukunya, kuma wane iri?

Sabon tohon da ke can saman reshe ne ya fara nuna min akwai matsala. Ganyen ya fito rawaya, jijiyoyinsa kuwa kore shar, kamar an bi su da alƙalami an zana. Na ɗauka yunwa ce, na ƙara taki. Bayan mako biyu gefen ganyen ya fara ƙonewa, na ɗauka ƙishi ne, na ƙara ruwa. Dashen buluberi (blueberry, wani ɗan ƙaramin itace mai ƙananan 'ya'ya shuɗi da ake ci) uku na sa a ƙasa a waccan shekarar, kuma ban yi musu rowa ba: rami mai faɗi, takin dabbobi da ya ruɓe sosai, har da 'yar toka a kai, kamar yadda na saba yi wa sauran itatuwan lambun. Shekara ba ta zagayo ba biyu suka bushe ƙayau. Na ukun na tono shi, na wanke saiwarsa, na mayar da shi cikin babbar tukunya, shi ne har yau nake tsinkar 'ya'yansa.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, gatan da na yi musu shi ya kashe su. Don haka yau idan wani ya ce min, "Wane iri zan saya?" sai in ce masa ya ɗan dakata, akwai tambayoyi biyu a gaban wannan. Yaya ƙasarka da ruwanka suke? Sanyi nawa ake yi a inda kake? Amsar ta farko ita za ta raba maka gardama tsakanin shuka a ƙasa da shuka a tukunya. Ta biyu ita za ta zaɓa maka iri, ko kana so ko ba ka so.

Asalin wannan ɗan itace Arewacin Amurka ne, inda yake fitowa da kansa a gefen fadamu da ƙarƙashin itatuwan fayin (pine, masu siraran ganye kamar allura), cikin ƙasa mai tsami ƙwarai, sakwa-sakwa, cike da ruɓaɓɓen ganye. Mutane sun daɗe suna tono shi daga daji su kai gida ya mutu musu, har aka yanke cewa ba ya nomuwa. Wani masanin tsirrai na ma'aikatar gona ta Amurka, Frederick Coville, shi ya gano bakin zaren, ya wallafa sakamakon gwajinsa a 1910: ƙasar lambu mai kyau, wadda aka gyara da taki da farar ƙasa, ita ce ajalinsa, tsami yake nema. Elizabeth White, 'yar wani manomi a jihar New Jersey, ta karanta rahoton, ta gayyace shi gonarsu a 1911. Ta riƙa biyan masu tsintar daji suna nemo mata gindin da 'ya'yansa suka fi girma, shi kuma yana haɗa su aure. A 1916 suka kai amfanin farko kasuwa. Kuskuren da na yi a lambuna, ashe, an warware shi fiye da shekara 100 da suka wuce.

Ana auna tsamin ƙasa da ma'aunin pH. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki. Abin da ya yi ƙasa da ita tsami ne, abin da ya haura kuma ya shiga ɓangaren kanwa. Yawancin kayan lambu suna jin daɗi tsakanin 6 da 7. Buluberi yana son 4.5 zuwa 5.5. A ido tazarar ba ta da yawa, amma kowace lamba ɗaya ninki goma ce: ƙasa mai 5 ta ninka mai 6 tsami sau goma, ta ninka mai 7 sau ɗari. Da zarar ƙasa ta doshi 6, sinadarin ƙarfen da ke cikinta sai ya ɗaure, saiwar buluberi ta kasa jan sa ko da yana nan jibge. Wannan shi ne rawayan ganye mai koren jijiya da na gani. Itacen yana zaune cikin abinci yana mutuwa da yunwa.

Saiwar kanta abar kallo ce. Ranar da na tono dashen nan na uku, na yi zaton zan ga jijiya mai kauri ta nutsa ƙasa. Sai na tarar da wani curi na zare-zare sirara, launin ƙasa-ƙasa, kamar soson wanka, duk bai wuce zurfin taƙi biyu ba. Ba ta da 'yan gashin nan da saiwar sauran tsirrai ke tsotsar ruwa da su; wani naman gwari ne da ke zaune a jikinta yake taya ta. Wanda ya ga wannan saiwar da idonsa ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ba za ta jure fari ba, domin ba ta kai inda danshi yake ɓuya. Ba za ta jure kwanciyar ruwa ba, ruɓewa take yi. Gishirin taki yana ƙona ta, fartanya kuma tana yanke ta.

To, a ƙasa ko a tukunya?

Kafin komai a auna. Akwai 'yar na'urar gwaji ta hannu, akwai takardar da ke canza launi, akwai kuma ɗakunan gwajin ƙasa, waɗanda su suka fi gaskiya. Ka ɗebo ƙasa daga wuri huɗu ko biyar a inda kake son shukawa, ka cakuɗa, ka gwada.

Idan ta fito tsakanin 4.5 da 5.5, kuma jigawa ce mai sauƙi da ruwa ba ya kwana a kanta, babu wata gardama: ka shuka a ƙasa. Duk abin da tukunya za ta ba ka, Allah ya riga ya ba ka shi kyauta. Itacen da ke ƙasa yana kai cikakken girmansa, gindi ɗaya da ya manyanta yana iya ba da kilo 2 zuwa 5 a shekara, kuma idan ana kula da shi yana rayuwa shekara 30 ko fiye. Ƙasa tana kare saiwarsa daga zafin rana da tsananin sanyi. Kana iya tafiyar kwana huɗu ka dawo ka same shi lafiya, muddin ka lulluɓe gindinsa da kyau.

Idan ta fito tsakanin 5.5 da 6.5, ana iya gyara ta, amma da haƙuri. Farar wuta ake barbaɗawa a cakuɗa da ƙasar sama. Ita kanta ba tsami gare ta ba. Ƙwayoyin bakteriya na cikin ƙasa ne ke cin ta sannu a hankali su mayar da ita tsami, su kuwa ba sa aiki sai da ɗumi da danshi. Shi ya sa ake zubawa wata shida zuwa shekara guda kafin dashe, a sake aunawa, a ƙara in da buƙata. Laka tana cin ninki biyu zuwa uku na abin da yashi zai ci kafin ta sauko. Wasu sukan yi gaggawa su zuba alminiyam salfet saboda yana aiki nan take. Ni ban ba da wannan shawarar ba, domin alminiyam yana taruwa ya zame wa saiwar guba. Sannan ka sani gyaran nan ba na sau ɗaya ba ne. Ƙasa tana komawa halinta, duk shekara sai ka auna.

Idan kuwa ta kai 7 ko ta wuce, ka yi wannan ɗan gwajin: ɗebo busasshiyar ƙasa cikin cokali, ka ɗiga mata ruwan binega. In ka ga tana kumfa tana tsuwwa, akwai dutsen farar ƙasa a cikinta, kuma duk tsamin da ka zuba shanye shi za ta yi ta nemi ƙari. A nan da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Na ga masu haƙa rami a laka su cika shi da haɗin ƙasa mai tsami su dasa. Shekarar farko abin yakan yi kyau, daga baya ramin ya zama kwatarniya: ruwan sama ya taru a ciki ya rasa mafita, saiwa ta ruɓe, ƙasar gefe kuma tana ta kwararo kanwarta ciki. Mai son ƙasa dole a irin wannan wuri, gara ya ɗaga tudu mai tsayin santimita 30 a saman ƙasar, ya cika shi da haɗinsa, ya dasa a kai. Wannan tukunya ce dai marar gindi, kuma tana aiki.

Tukunya kuwa babbar fa'idarta ɗaya ce: kai ne mai iko da abin da saiwa ke taɓawa. Ba a sa ƙasar lambu a ciki ko kaɗan. Haɗin da ya yi min aiki shi ne niƙaƙƙen ɓawon fayin, da ruɓaɓɓiyar gansakukar fadama da ake sayarwa da sunan fit, kusan rabi da rabi, da ɗan farin tsakuwar nan marar nauyi ta falait don iska ta shiga. Ana kuma amfani da zaren ɓawon kwakwa, sai dai shi ba mai tsami ba ne sosai, kuma yakan zo da gishiri, sai an jiƙa an wanke shi, an kuma riƙa tsamama ruwan da ake ba shi. Ƙaramin dashe a fara shi a tukunyar lita 15 zuwa 20, bayan shekara biyu a mayar da shi mai lita 40 zuwa 60. Faɗi ya fi zurfi muhimmanci, tunda saiwar gefe take bi. Huji a gindi kuwa ya yi yawa ya fi ya yi kaɗan, kuma kada a ɗora ta a kan faranti mai tara ruwa.

Kada wani ya raina wannan hanya ya ce wasan yara ne. Ƙasar Peru, wadda a 'yan shekarun nan ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da ɗanyen buluberi, a hamadar bakin teku take noma mafi yawansa, kuma gonaki da yawa a can cikin tukwane da buhunan roba suke jera itatuwan, ana ɗiga musu ruwa da taki ta siririn bututu.

Amma tukunya jariri ce, ba a juya mata baya. A lokacin zafi kullum sai an ba ta ruwa, wani lokaci safe da yamma, kuma idan haɗin fit ya bushe ƙarau sai ka ga ruwa yana zurarewa ta gefe ba tare da ya jiƙa tsakiya ba. Dole a tsoma tukunyar gaba ɗaya cikin ruwa ta sha. Baƙar roba a rana tana dafa saiwar da ke jikin bangonta. Na taɓa sa hannu a jikin tawa da azahar na janye da sauri, tun daga ranar nake naɗe ta da farin buhu. A wurin da ruwa ke daskarewa kuma akasin haka ne: rassan suna jure sanyin da saiwar ba za ta jure ba, sai an jawo tukunyar jikin bango an lulluɓe ta. Duk shekara biyu ko uku sai an zare itacen, an rage tsohon haɗin, an zuba sabo. 'Ya'yan da zai bayar ba za su kai na ƙasa yawa ba, kuma ba zai yi tsawon ran na ƙasa ba.

Akwai abu guda da mutane ke mantawa wajen wannan lissafi, shi ne ruwa. Kana iya gyara ƙasarka ta zama daidai, ruwan da kake zubawa kullum ya rushe maka aikin cikin 'yan watanni. Ruwan rijiya da na famfo a wurare da yawa yana ɗauke da narkakkiyar farar ƙasa. Alamarsa a gida ba ta ɓuya: farin ɓawo yana kama cikin butar dafa ruwa, sabulu kuma ba ya kumfa da wuri. Kowace butar irin wannan ruwa tamkar barbaɗa wa itacen farar ƙasa ce kaɗan-kaɗan. Ruwan sama shi ne maganin, a tara shi a ganga. In ya ƙare, a ɗiga binega ko garin sitirik asid (sinadarin tsamin da ke cikin lemun tsami) a ruwan ban-ruwa, ana aunawa har ya sauko wajen 5.5, ba da ka ake zubawa ba. Tsamama bokiti biyu don tukwane uku abu ne mai sauƙi. Yi wa layin itatuwa goma da ke ƙasa haka duk rani wani aiki ne daban. Wannan shi ya ƙara karkata ni: duk wanda ƙasarsa ba mai tsami ba ce tun asali, ko ruwansa mai nauyi ne, ya fara da tukunya. Idan ya ga hannunsa ya faɗa, ya ɗaga tudu daga baya.

Sai maganar iri, wadda sanyi ke yanke wa hukunci. Buluberi yana barci a hunturu, kuma kafin ya farka sai ya tara wasu awanni na sanyi tsakanin digiri 0 da 7 a ma'aunin Salshiyas. Kowane iri da adadinsa. In bai samu ba, toho ya fito a makare, nan ya fito can ya ƙi, fure ya yi kaɗan, itacen yana ramewa shekara bayan shekara. In kuma ka kai mai ƙaramar buƙata wuri mai dogon hunturu, ya cika adadinsa da wuri, ɗan ɗumin kwana uku ya ruɗe shi ya yi fure, sanyi ya dawo ya ƙone furen. Hukumomin yanayi da na aikin gona sukan san adadin awannin sanyin yankinsu. In babu, ƙaramin ma'aunin zafi mai ajiye bayani, rataye a inuwa hunturu guda, zai gaya maka.

Dangin farko shi ne dogon Arewa, wato arewacin Amurka, zuriyar itatuwan da Coville da White suka fara da su. Yana buƙatar awa 800 zuwa 1,000, yana kai tsayin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma a cikin barcinsa yana jure sanyin digiri 25 ƙasa da sifili. Bluecrop, wanda aka fitar a 1952, shi ne abin dogaro: ba shi ya fi kowa zaƙi ba, amma ba ya ba da kunya. Duke yana nuna da wuri alhali furensa yana makara, abin da ke tsirar da shi daga sanyin ƙarshe. Elliott yana zuwa a ƙarshen lokacin tsinka, da ɗan tsami sai an bar shi ya daɗe a reshe. Wanda ke wurin da ake hunturu na gaske, wannan dangin nasa ne. Wanda kuwa ke wuri mai ɗumi, komai kyan hoton da ke jikin takardar dashen, kada ya saya.

Dogon Kudu ya samu ne da masu bincike, musamman a Jami'ar Fulorida, suka aurar da na Arewa da wani ɗan daji na yankin mai ɗumi wanda ba ya zubar da ganye. Sharpblue ya fito a tsakiyar shekarun 1970, ya buɗe ƙofa, daga baya irin su Misty, Star, Emerald, Jewel, O'Neal da Biloxi suka biyo. Buƙatarsu daga wajen awa 150 ne zuwa 500. Wasu, kamar Biloxi, ana noma su a Meziko da Peru a wuraren da kusan babu sanyin: ba a barin su su yi barci, ana riƙe musu ganyensu kore duk shekara, a yi musu aski bayan an gama tsinka don su fitar da sabbin rassa. Su ne suka fi dacewa da tukunya. Sunshine Blue ma kamar don ita aka yi shi: bai cika wuce mita ɗaya ba, buƙatarsa wajen awa 150 ce, kuma yana ɗan yafe ƙasar da tsaminta bai cika ba fiye da 'yan'uwansa.

Sai dai in faɗi gaskiya, dogon Kudu shagwaɓaɓɓe ne. Ruɓewar saiwa tana kama shi da sauri in ruwa ya kwanta, bai da tsawon ran sauran, kuma rashin buƙatar sanyi ba ya nufin son zafi. Idan rana ta haura digiri 35 ganyensa yana ƙuna, 'ya'yan su yi laushi kafin su nuna. A irin wannan wuri a ba shi hantsi a kare shi daga ranar azahar zuwa la'asar, ko da ragar inuwa ce. Mai tukunya sai ya ja ta kawai. A yankuna masu zafi, wuraren da ke kan tudu inda dare ke yin sanyi su suka fi ba shi dama. Inda dare ma ba ya hucewa, a fara da gindi biyu a gani, kada a zuba dukiya.

Na uku shi ne idon zomo, kuma shi ne wanda nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa. Sunan ya samo asali ne daga launin ɗan kafin ya nuna, wani ja-ja mai haske kamar idon farin zomo. Ɗan kudu maso gabashin Amurka ne, buƙatarsa galibi awa 400 zuwa 600. Tifblue, wanda aka fitar a jihar Jojiya a 1955, da Climax, Premier, Brightwell da Powderblue duk danginsa ne. Ƙarfi gare shi: saiwarsa ta fi nutsawa, ya fi jure zafi da ɗan fari, cuta ba ta cika kayar da shi ba, yana daɗewa, yana kuma zuba 'ya'ya fiye da kowa. Abin da za ka biya shi ne fili da ɗan sassauci a baki. In an ƙyale shi yana haura mita uku ko huɗu, tazarar mita biyu ko fiye yake so tsakaninsa da ɗan'uwansa, inda dogon Arewa ke wadatuwa da mita ɗaya da rabi. Fatarsa ta ɗan fi kauri, ana jin ƙwayoyin ciki a haƙori, kuma yana nuna bayan dogon Kudu ya gama. Tukunya ba wurinsa ba ce. Amma mai jigawa mai tsami a wuri mai ɗumi da ɗan gajeren hunturu, wanda ba shi da lokacin lallashi, ni idon zomo zan ce ya dasa, ya bar dogon Kudu ga masu tukwane.

Akwai kuma gajeren daji na jihar Maine da gabashin Kanada, wanda ba ya kai gwiwa, yana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, 'ya'yansa ƙanana masu ƙamshi. Ba kasafai yake biyan mai lambu ba. Matsakaitan da Jami'ar Minesota ta haɗa daga shi da dogon Arewa, irin su Northblue da Northcountry, an yi su ne gajeru don dusar ƙanƙara ta rufe su ta kare su. Na masu tsananin hunturu ne, kuma suna zama a tukunya.

Ko wane ka zaɓa, kada ka sayi ɗaya tilo. Furen buluberi kamar 'yar ƙararrawa yake, fari, bakinsa na kallon ƙasa, kuma garin barbararsa ba ya zuba sai an girgiza shi. Manyan ƙudajen zuman nan masu gashi su suka iya: su rataya a bakin furen su kaɗa jikinsu, har kana jin sautin ya canza. Dogayen Arewa da na Kudu suna iya yin 'ya'ya su kaɗai, amma in akwai wani iri daban a kusa 'ya'yan sun fi girma, sun fi yawa, sun fi saurin nuna. Idon zomo kuwa yawancinsa ba ya yin abin kirki sai da abokin barbara, kuma abokin dole ya zama idon zomo ne na wani iri. Shi da dogayen ba sa yi wa juna amfani yadda ya kamata. A tabbata kuma lokacin furensu ya zo ɗaya. Wajen saye, a nemi dashe ɗan shekara biyu ko uku mai sunan iri a jikinsa. Wanda aka rubuta masa buluberi kawai ba suna, caca ce, tunda ba ka san sanyin da yake nema ba. A zare shi daga robarsa a duba saiwa, in ta nannaɗe a ɗan warware ta da yatsa, a dasa daidai zurfin da yake a da.

Ciyarwa iri ɗaya ce a ƙasa da tukunya, bambancin a yawa ne da lokaci. Naitirojin na amoniya yake so, wato amoniyam salfet ko yuriya, ko takin da aka haɗa don furannin azaliya da danginsu masu son tsami. Takin naitiret ba ya karɓar sa da kyau, mai kuloraid kuma yana ƙona shi. Toka, farar ƙasa da takin kaji a nisanta su da shi. Na ƙasa a ba shi kaɗan sau biyu ko uku daga fitowar toho, a barbaɗa nesa da gindi. Na tukunya a narka ɗan ƙanƙani a ruwa a riƙa ba shi a kai a kai, tunda ban-ruwa yana wanke abin da ke ciki. Dukkansu a lulluɓe gindinsu da ɓawon fayin ko tsohon garin katako mai kaurin santimita 5 zuwa 10, a bar ɗan fili a jikin kara. Ciyawa da hannu ake cire ta.

Abin da ya fi yi wa sabon mai shuka wuya shi ne shekarar farko, lokacin da ɗan itacen ya cika da fure aka ce ya tsinke su duka. Na san zafin abin. Amma ƙaramin gindin da aka bari ya yi 'ya'ya tsayawa yake yi cak, ƙarfin da zai gina saiwa da rassa ya tafi a 'ya'ya ashirin. A ƙasa a cire na shekarar farko, in dashen ƙarami ne har ta biyu. Cikakken amfani sai shekara ta shida zuwa ta takwas. Daga shekara ta huɗu ake fara aski na sosai, a ƙarshen barcinsa: a yanke tsofaffin kara ɗaya ko biyu tun daga ƙasa, waɗanda suka haura shekara shida suka yi furfura, a cire sirara da masu gicciye. A reshen bara yake yin 'ya'ya. In ka duba ƙarshen reshen za ka ga ƙullutu masu ƙiba, su ne fure, na ƙasa sirara masu tsini su ne ganye. Wanda ya bi kan rassa ya daddatse ya zubar da amfanin shekararsa.

Tsuntsaye kuwa sun fi ka sanin ranar da ya nuna. Babu abin da ke hana su sai raga, kuma a nan ma zaɓinka na farko yana biyo ka: tukwane uku sai ka matso da su wuri ɗaya ka rufa musu raga guda, idon zomo mai mita uku kuwa sai an kafa masa sanduna an yi masa ɗaki. A sa ragar da zarar 'ya'yan sun fara sauya launi, a ɗaure ta har ƙasa don kada tsuntsu ya shiga ya maƙale.

Da raga a kai sai ka samu damar jira, jiran kuwa shi ne sirrin zaƙin. Ɗan yana yin shuɗi kwanaki kafin ya gama nuna, kuma in an tsinke shi ba ya ƙara zaƙi. Ka juya shi ka dubi wajen da ya manne da tsinke. In da sauran ja ko kore a wurin, bar shi. Nunanne ba a jan sa: ka tara tafin hannu a ƙarƙashin curin, ka murza da babban yatsa a hankali, waɗanda suka isa su faɗo da kansu, sauran su jira zagaye na gaba bayan kwana biyar ko bakwai. Farin hodar da ke jikinsu ba datti ba ce, kariyarsu ce, kada a wanke sai za a ci.